Na ɗaya ko na biyu? Yadda ɓacin ran masu shirya fim ke rina labari, al'umma ta sha kuɗin goro

Da an idar da sallar isha'i a Kuberi, kamar a sauran ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, hirar samari takan koma teburin mai shayi ko ƙofar shagon cajin waya. Mutum huɗu ko biyar za su haɗa kai a kan waya guda. Mai ita ya jingina ta da gwangwanin madara, na baya su leƙo ta saman kafaɗar na gaba. Wasunsu tun hantsi suna fadama wajen ban ruwan albasa, amma gajiya ba ta hana su ganin yadda jarumi zai ƙare da bos.

Fim na ƙarewa sai tambaya ta tashi: akwai na biyu? In akwai, gobe mai tura fina-finai zai yi ciniki. In kuwa an riga an kalla, sai gardama ta ɓarke. Wani ya ce na ɗaya ya fi ma'ana, wani ya ce na biyu ya fi faɗa, wani kuma ya ce ai na biyun ɗumame ne, tuwon jiya aka sake ɗora wa wuta.

Wannan gardama ta wuce teburin mai shayi. Masana harkar fim sun shafe sama da shekara 40 suna yin ta a kan jerin fina-finan kasada da suka fi shahara a duniya, wato Indiana Jones. A cikinta akwai tambayoyi biyu da suka shafi mai kallo na Kuberi kai tsaye. Me ke sa kashi na biyu ya canza launi, ya yi duhu ko ya yi laushi? Kuma wa ake zalunta idan aka ɗauki al'umma sukutum aka mayar da ita abin tsoro ko abin dariya?

Daga gidan silima zuwa katin waya

Kallon fim ɗin ƙetare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun wajen shekarun 1950 da 1960 'yan kasuwa 'yan asalin Labanan suka riƙa kawo fina-finan Indiya gidajen silima na manyan biranen Arewa. Daga nan aka shiga zamanin kaset, aka zo na faifai, aka yi yayin gidan kallo mai janareto da bencina.

Yau silimar tana cikin aljihu. Wanda ya je cin kasuwa Jega, ko ɗalibin da ya dawo hutu daga jami'ar da ke Aliero, zai iya shigowa ƙauye da fim ashirin a katin waya, kafin kwana biyu sun zagaye gari.

Babban sauyin ya zo ne da fassara. Cikin shekaru goma da 'yan kai da suka wuce, kamfanoni irin su Algaita a Kano suka soma ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya, wasu kuma suka faɗaɗa zuwa na Amurka da Sin da Turkiyya. Wanda bai taɓa shiga aji ba yanzu yana jin kowace magana.

Sai dai fim ɗin da ya iso ta wannan hanya yakan iso tsirara. Ba kwalin da ke ɗauke da alamar shekarun mai kallo, ba sunan wanda ya shirya, ba shekarar da aka yi shi. Mai kallo yana karɓar labari ba tare da ya san daga zuciyar wa ya fito ba.

Jarumi ɗaya, yanayi uku

A 1977 abokai biyu, George Lucas da Steven Spielberg, suka haɗu wajen hutu a tsibirin Hawai. Spielberg ya ce yana sha'awar shirya fim ɗin James Bond. Lucas ya ce yana da abin da ya fi wannan: labarin Indiana Jones, wani malamin jami'a, masanin kayan tarihi, mai hula da bulala, wanda ke yawon duniya yana tono abubuwan da suka ɓace.

Na farko, Raiders of the Lost Ark, ya fito a 1981, Harrison Ford ne jarumi. Ana tsere ne tsakaninsa da sojojin Hitila a kan Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila, Tabutin nan da aka ambata a Suratul Baƙara cikin ƙissar Ɗaluta. Fim ne mai gudu da raha, rana tana haskawa, ana yawo daga Kudancin Amurka zuwa Nepal zuwa Masar. Ya tara kusan dala miliyan 400.

Na biyu, Temple of Doom, ya zo a 1984. Nan sai aka shiga rami. Jarumi ya faɗa wani ƙauye a Indiya inda aka sace dutsen da suke girmamawa, aka kuma kwashe 'ya'yansu. Rabin fim ɗin a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa, cikin jan haske da hayaƙi. Ana dukan yara da bulala a wurin haƙar ma'adinai. Bos ɗin ya cusa hannu a ƙirjin mutum ya ciro zuciyarsa tana bugawa, sannan aka zura shi cikin wuta da ransa.

Wannan bos ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Amrish Puri ne, wanda bayan shekara uku ya zama Mogambo a fim ɗin Mr India. Saboda wannan rawa ya aske kansa ƙwal, kuma ya ci gaba da zama haka.

Na uku, The Last Crusade, ya fito a 1989. Haske ya dawo, raha ta dawo. A zahiri ana neman wani ƙoƙo ne da Kiristocin Turai ke dangantawa da Annabi Isa, alaihissalam, amma ainihin labarin na ɗa ne da mahaifinsa da suka daɗe ba sa jituwa. Sean Connery ya fito a uban, ko da yake shekara 12 kawai ya ba Ford. Wannan kashi ya fi na biyu ciniki nesa ba kusa ba, ya doshi dala miliyan 500.

Jarumi ɗaya, darakta ɗaya, mai ƙirƙirar labari ɗaya. Me ya faru tsakanin na ɗaya da na biyu?

Labarin zuciya a tambayi fim

Su da kansu suka ba da amsa. Lucas ya sha faɗa a hirarraki cewa lokacin da ake tsara na biyu aurensa na mutuwa, ransa a ɓace yake. An fara ɗaukar fim ɗin a watan Afrilun 1983, ba a yi wata uku ba aka sanar da rabuwarsa da matarsa Marcia. Shi ma Spielberg a lokacin ya rabu da wadda suka daɗe tare.

Marcia ba matar gida kawai ba ce. Ƙwararriyar mai tace hoto ce da ta ci kyautar Oscar a kan Star Wars. Ita ce ta kalli na ɗaya kafin a sake shi ta ce akwai giɓi: an rufe labari ba a nuna makomar Marion ba, matar da ta sha wuya tare da jarumi tun farko. Aka koma aka ɗauki ƙarin fitowa inda Marion ke jiran sa a bakin matakala, ta kama hannunsa suka tafi tare.

A na biyu babu wannan idon. Marion ta na ɗaya mace ce mai sana'arta, mai baki, mai iya kare kanta. Wadda ta maye gurbinta, wata mawaƙiya da Kate Capshaw ta fito a matsayinta, kusan duk fim ɗin ihu take yi, tana kukan farcenta ya karye tana neman lu'ulu'u. Masu sharhi da dama sun ga alaƙa tsakanin wannan da halin da mazan biyu ke ciki.

Lawrence Kasdan, wanda ya rubuta na ɗaya, ya ƙi taɓa na biyu. Daga baya ya bayyana cewa labarin mugunta ce zalla, ba wani abin daɗi a cikinsa, kuma yana nuna lokacin ruɗani a rayuwar abokan nasa biyu. Spielberg kansa ya ce bai ji daɗin fim ɗin ba, duhunsa da tsoronsa sun yi yawa. Ya ce babbar ribar da ya samu ita ce haɗuwa da Capshaw, wadda ya aura a 1991.

Na uku ma daga gida ya fito. Iyayen Spielberg sun rabu yana saurayi, ya ɗora wa mahaifinsa laifi, suka yi shekaru da dama ba wata kyakkyawar alaƙa. Kafin a fara na uku shi ma ya zama uba. Shi ne ya dage a sa mahaifin jarumi a labarin. A ƙarshe, lokacin da ɗan ke rataye a bakin rami yana miƙa hannu ya ɗauko ƙoƙon, uban ne ya kira shi cikin taushin murya ya ce ya bar shi ya tafi. A 2022 Spielberg ya fito fili ya ba da labarin gidansu a fim ɗin The Fabelmans.

Ɓacin ran mutum biyu har ƙa'idar tantance fim ya taimaka aka canza. Iyaye a Amurka sun yi ca bayan sun kai yara kallon na biyu sun fito suna kuka. A watan Yulin 1984 hukumar da ke tantance fina-finai a can ta ƙirƙiro sabon mataki na gargaɗi ga iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 13, kuma Spielberg na cikin waɗanda suka ba da shawarar.

Liyafar da ta fusata Indiya

Duhun fim abu ɗaya ne, cin mutuncin jama'a wani abu ne daban. A tsakiyar na biyu akwai wata liyafa a fadar wani yaron sarki. Aka kawo ƙaton maciji aka farke cikinsa, ƙananan halittu suka fito suna motsi, manyan baƙi suna kamawa suna haɗiyewa. Aka kawo buzuzu, aka kawo miyar ƙwayar ido. Abin rufewa shi ne ƙwaƙwalwar biri, a cikin ƙoƙon kan birin.

Wannan a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan mutanen da ba sa cin nama kwata-kwata, ƙasar da miliyoyin mabiya addinin Hindu ke girmama biri. Gwamnatin Indiya ta karanta rubutun labarin ta nemi a gyara, ba a daidaita ba, sai aka kwashe kayan aiki aka koma Kandy a Siri Lanka. Shi ya sa mutanen ƙauyen da ake cewa Indiyawa ne, harshen Sinhala na Siri Lanka suke yi. Da fim ɗin ya fito, an hana nuna shi a Indiya na wani lokaci.

Miyagun labarin an aro su ne daga wata ƙungiyar 'yan fashi da Turawan mulkin mallaka suka ce sun murƙushe a shekarun 1830, wadda masana tarihi da dama ke ganin an zuzuta labarinta don a halatta mulkin Ingila. A ƙarshen fim kuwa, wa ya kawo ɗauki? Rundunar da wani hafsan Ingila ke jagoranta. Mutanen ƙauye na zaune suna jiran Bature ya faɗo daga sama ya ceto musu 'ya'ya.

Roshan Seth, ɗan wasan Indiya da ya fito a wazirin fadar, ya ce liyafar raha ce da ta ɓaci, kuma ya sha suka a gida. Shashi Tharoor, marubuci kuma ɗan siyasar Indiya, ya soki fim ɗin da cewa ya dasa wa miliyoyin mutane hoton ƙarya game da ƙasarsa. Amrish Puri kuwa ya kare aikinsa, yana ganin tatsuniya ce, bai kamata a ɗauke ta da zafi ba.

Mutuwar aure ba ta isa hujja ba

A nan ne masu kare Lucas da Spielberg kan ce a yi musu uzuri, suna cikin damuwa. Uzurin zai iya bayyana duhun fim ɗin. Ba zai bayyana kuɗin goron ba, domin kuɗin goron ya riga damuwar zuwa.

A na ɗaya, wanda aka yi lokacin da gidan Lucas ke tsaye, akwai fitowar da ta fi kowace shahara. A kasuwar Alƙahira wani Balarabe cikin baƙaƙen kaya ya tare jarumi yana juya takobi. Jarumi ya dube shi a gajiye, ya zaro bindiga ya harbe shi, ya juya abinsa. An so a yi doguwar fafatawa ne, amma Ford na fama da ciwon ciki a Tunisiya inda ake ɗaukar fim ɗin, sai aka gajarta. Gidajen silima a duniya sun fashe da dariya. Mai takobin ba shi da suna, ba shi da magana, kuma Baturen Ingila ne aka yi wa shigar Larabawa. Abokin jarumi ɗan Masar, Sallah, shi ma ɗan Birtaniya ne ya fito a matsayinsa.

Na huɗu, wanda ya fito a 2008 bayan kowa ya natsu ya manyanta, ya fusata mutanen Peru. An cakuɗa tarihinsu da na Meziko, har jarumi na cewa ya koyi harshen mutanen tsaunukan Peru a wurin dakarun wani ɗan tawayen Meziko.

Misalin da samarin Kuberi suka fi sani shi ne Baahubali. Na ɗaya ya fito a 2015, ya tsaya daidai inda amintaccen bawa Kattappa ya soke ubangidansa ta baya. Shekara biyu duniya na tambayar dalili. Na biyu ya zo a 2017, cinikinsa ya ninka na ɗaya fiye da sau biyu. Launinsa ma ya sauya: daga hawan dutse da filin daga aka koma cikin gida, rikicin uwar miji da matar ɗa, abin da kowace Bahaushiya ta gane ba sai an yi mata bayani ba.

Wannan fim aikin gida ɗaya ne mai haɗin kai. S.S. Rajamouli ne darakta, mahaifinsa ya ƙirƙiri labarin, matarsa ta tsara sutura, ɗan'uwansa ya yi kiɗa. Duk da haka, dubi abokan gaba na kashi na ɗaya, Kalakeya. An shafe su da baƙi, an ɓata musu haƙora, an ƙirƙira musu harshe mai ƙyas-ƙyas, ga su kamar namun daji a gaban jarumai masu hasken fata. Yaro baƙar fata a Maiyama yana tafa wa Baahubali, bai lura ba cewa kamanninsa aka ba mugu.

Haka The Gods Must Be Crazy na 1980, fim ɗin kwalbar lemo da ta faɗo daga jirgi a hamadar Kalahari, wanda iyayenmu suka sha dariya da shi. Jamie Uys ya shirya shi a Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata. Ya nuna mutanen San a matsayin waɗanda ba su san komai na duniya ba, alhali a lokacin an ƙwace mafi yawan ƙasarsu, sojojin Afirka ta Kudu na ɗibar samarinsu aikin yaƙi. An yi na biyu a 1989, aka sake yin wasu a Hong Kong, kullum ɗan San ɗin da ya fito a jarumi yana nan a matsayin wanda bai waye ba.

Mu ma an yi mana

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2003 aka saki Tears of the Sun, inda Bruce Willis ya jagoranci sojojin Amurka zuwa Nijeriya. Miyagun fim ɗin an kira su da suna: Fulani Musulmi da suka yi juyin mulki suna yanka Kiristoci. A Hawai aka ɗauke shi.

A 2005 aka yi Sahara, inda jarumai suka taso daga Legas suka bi kogin Kwara zuwa Mali suna neman wani tsohon jirgin yaƙi mai ɗauke da zinariya. Wannan kogi shi ne ya ratsa ƙasar Yawuri da Bagudo a nan jihar Kebbi. Amma mafi yawan fim ɗin a Maroko aka yi shi, mutanen bakin kogi kuwa ba su wuce marasa lafiya da sojojin azzalumin shugaba ba. An yi niyyar yin na biyu, asara ta hana.

A 2009 gwamnatin Nijeriya, ta bakin ministar yaɗa labarai Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna District 9 saboda ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman mutane. A cikin gida ma, shekara da shekaru fina-finan Kudu ba su san Bahaushe ba sai a bakin ƙofa, maigadi mai gurɓataccen Turanci da rediyo a kunne.

Laifi tudu ne

Sai dai wanda ya ji zafin wannan ya kamata ya duba nasa. Tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antar Kannywood ta ginu a kan kashi-kashi. Zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ke riƙe da harkar, labari ɗaya akan yanka shi gida biyu ko huɗu don a sayar sau biyu. Sangaya da Wasila duk sun samu ci gaba saboda kasuwa ta nema. Yau an koma zango-zango a YouTube da tashar Arewa24, inda Izzar So da Labarina da Daɗin Kowa suka ɗauki shekaru.

A nan ma rayuwar 'yan fim na juya akalar labari. Jaruma ta yi aure, sai a wayi gari an kashe ta a fim ko an tura ta ƙasar waje. Da Nafisa Abdullahi ta fice daga Labarina a 2022, Fati Washa aka ba matsayin Sumayya, masu kallo suka daɗe suna muhawara. Rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014 ta rufe babi guda na barkwanci da har yau ba a maye gurbinsa ba.

Kuɗin goro kuwa muna da namu. Baƙauye a fim ɗin Hausa kusan kullum wawa ne da ke tsoron fanka. Bafulatani ba ya gane lissafi. Bagwari bai iya magana ba. Ɗan kabilar Ibo kuɗi kawai ya sani. Kishiya muguwa ce, uwar miji 'yar bin boka. Manomin da ke ciyar da birni shi ne abin dariyar birni, kuma shi ne ke biyan kuɗi a tura masa fim ɗin.

A jihar Kebbi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari da Gungawa suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Tun bayan sace ɗaliban makarantar Birnin Yawuri a 2021 da hare-haren da suka addabi ƙasar Zuru, zukata a tsorace suke. Fim ɗin da ya sa wa kowane ɗan bindiga hular Fulani da sanda yana ƙara wa makiyayin da bai ji ba bai gani ba nauyin da zai iya zama ajalinsa a hanyar kasuwa.

Kowa da abin da yake gani

Masu shirya barkwanci suna da hujjarsu. Sun ce Bahaushe ya gaji wasa tsakanin Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zagezagi, kuma wannan wasa ya kashe faɗa da yawa. Gaskiya ne. Amma a wasan gargajiya kowa na da bakin ramawa, ido da ido. A fim mai kyamara ne kaɗai ke magana, kuma maganarsa na yawo a waya shekara da shekaru.

Masu tura fina-finai suna ganin su 'yan kasuwa ne, abin da aka nema suke bayarwa, kuma na faɗa da jini ya fi tafiya. Malamai da iyaye sun fi damuwa da tsiraici da rawa, shi ya sa fim ɗin da ba rungume-rungume yakan wuce ko da an yanka mutum ɗari a ciki.

Hukumomi na ƙoƙari a inda hannunsu ya kai. Akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Kano ta kafa tata a 2001. A 2021 ta Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2025 kuma ta dakatar da fina-finai masu dogon zango sama da 20 har sai an tace su. Amma babu hukumar da ke tsaye tsakanin katin waya da idon yaro ɗan shekara 8 a Kuberi.

Akwai kuma masu cewa na biyun Indiana Jones, duk da aibinsa, ya buɗe ƙofa. Yaron da ya fito a abokin jarumi, Ke Huy Quan, ɗan gudun hijira ne daga Biyetnam, kuma har yau yana yabon Spielberg. Sai dai bayan ya girma ya yi kusan shekara 20 ba ya samun rawar kirki saboda launinsa, kafin ya dawo ya ci Oscar a 2023.

Labarin kasada na nan a ƙofar gida

Ba mu rasa abin yin fim ɗin kasada ba. A ƙarni na 19 Jega babbar kasuwa ce a hanyar fataken goro da ke zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau. Ayari kan yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, ana ƙetare koguna, ana biyan fito, ana kwana cikin shirin 'yan fashi. Ga Muhammadu Kanta da ya ɓalle daga daular Songhai a ƙarni na 16 ya gina Surame, wadda ganuwarta ta dutse ke nan har yau. Ga alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru kafin su dawo.

Marubutanmu sun riga sun share hanya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin neman abin da ya ɓace ne a ƙasashe masu nisa, kuma ya girmi Indiana Jones da kusan shekara 50. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, ya ratsa Sahara. Da muka yi jinkiri, wasu suka yi mana: fim ɗin Amina da ya hau Netflix a 2021 ya sha suka daga 'yan Arewa kan harshe da sutura da tarihi.

Duk wanda zai ɗauki waɗannan labarai, jarrabawarsa ita ce yadda zai nuna wanda ba nasa ba: Bagwanje, Bazabarme, Buzu, Babarbare. Ya ba shi suna, ya ba shi hankali, ya tambayi mutanensa kafin ya kunna kyamara. Masu fassara su ma su riƙa faɗin shekarar fim da ƙasar da aka yi shi da shekarun da suka dace a kalla, su daina ƙara gishirin ƙabilanci a inda babu shi. Iyaye su san abin da ke cikin wayar da ke kwana a ɗakin yara.

Mai shirya fim mutum ne, yana da damar ya zuba baƙin cikinsa a aikinsa, kuma sau da yawa daga nan ake samun fim mai ratsa zuciya. Abin da ba shi da dama a kai shi ne mutuncin al'ummar da ba ta yi masa laifin komai ba. Mu da muka san zafin a kira mu maigadi ko ɗan ta'adda a fim ɗin wasu, mu ne ya fi kamata mu fara daina yi wa maƙwabtanmu haka a namu.